Mutumin da Yake Tafiya a Hagun Malam

Mu duka na Allah ne. Shi ya ba ni aron Malam shekara hamsin da wani abu, shi ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi, a ɗakin nan, kansa a kan cinyata. Yau kwana biyar.

Ni ban shiga lakwal na yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Autata ce ke riƙe da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina ta jira ni. Na ce da ita a karanta takardar nan ranar sadakar bakwai, a tsakar gida, da ƙarfi, yadda na zaure ma zai ji. Akwai wanda nake so ya ji. Ɗan farina ne. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zaunar da shi na yi masa magana ido da ido ba, haka aka raine mu a Birnin Damagaram. Abin da bakina ya kasa, takarda ta gaya masa.

An zo mana gaisuwa, Allah ya saka wa kowa. Tsofaffin ma'aikatan kula da dabbobi da Malam ya yi aiki da su sun zo, wasu da sanda, wasu ana riƙe da hannunsu. Fulanin Droum da na Gouna sun zo, suka jingine sandunansu a bango suka zauna a ƙasa, aka ba su tabarma suka ƙi. Wata tsohuwa mai tallan nono ta shigo har ɗakina, ta aje ƙwaryarta, ta ce, "Yanzu wa zai tare ni ranar kasuwa ya ce nonona rabinsa ruwan tabki ne?" Ta fashe da kuka. Maƙwabciyata da muka tsufa tare ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya jiƙan Malam, amma unguwa ta huta da tsawa." Muka yi dariya hawaye na zuba, don gaskiya ta faɗa. Malam mutumin kirki ne, kuma mai zafin zuciya ne, ba zan ɓoye ɗaya in faɗi ɗaya ba.

Ranar sadakar uku abin ya faru. An gama addu'a, ana raba gumba, maza cike da ƙofar gida. Tagar ɗakina tana kallon wurin, ina zaune bayan labule. Sai kabu-kabu ya sauke wani dogon tsoho, siriri, da shuɗiyar riga duk ta yi dauɗar hanya, hula ta rufe masa kunnuwa. Bai yi sallama ba. Ya tsaya tsakiyar mutane ya ɗaga murya da wata gurguwar Hausa ya ce, "Ina bawana? Wa ya ba shi izini ya mutu?"

Fulanin Droum suka fara dariya. Kowa ya gane, Malam Babarbare ne, zanen yana fuskarsa, kuma ba a binne Babarbare ba tare da wani Bafillace ya zo ya yi iƙirarin bawansa ne ya mutu ba. Da tsohon ya tsaya nan, da an ba shi gumba an wuce wurin. Sai ya ƙara da cewa, "Ni na cire masa ido ɗaya. Na zo karɓar ɗayan, ya gudu."

Dariya ta ɗauke. Na ga ɗan farina ya miƙe. Sandar ubansa tana jingine a bakin zaure, ya ɗauka, ya sauke ta a tsakiyar kan tsohon nan. Ƙarar da na ji kamar an fasa tulu. Hula ta yi tsalle, jini ya sauko ya rufe masa fuska, ya durƙushe. Ta biyu ta same shi a kafaɗa, ƙashi ya karye, har daga ɗaki na ji. Ta uku ba ta sauka ba, wani dattijon Gouna ya tare ta da hannunsa.

Da hular ta faɗi na ga kunnensa na dama. Rabi ne.

Ban san lokacin da na fita ba. Mai takaba, ba mayafi, ba takalmi, na keta maza na faɗa kansa, na tare jinin da zanena. Ya buɗe ido ya dube ni, ya dubi ɗana da mutum huɗu suke riƙe da shi yana fizge-fizge, ya ce a hankali, "Hannun ubansa ne." Aka sa tsohon a mota aka yi likita da shi, wato asibiti.

To, kai da ba na kama sunanka, ka saurara. Ku kun tashi kun san mutum biyu. Kun san Baffan Senegal, abokin ubanku, mai aiko takardu, wanda daga baya yake kira a salula kowace salla su yi ta zagin juna da Faransanci ubanku yana dariya har da tari. Kun kuma san wani mugu da ba a faɗin sunansa, wanda ya cire wa ubanku ido a ƙasar Turawa. Mutum ɗaya ne. Ni kaɗai na sani a gidan nan, kuma na yi shiru.

Ga yadda Malam ya gaya mini, ina da cikinka, muna zaune ina tsince gyaɗa.

Yana da shekara goma sha shida aka zaɓe shi a lakwal. A lokacin ana musayar 'yan makaranta, su Faransa su turo nasu su ga ƙasarmu, su ɗauki namu shekara ɗaya. Shi aka kai shi wata makarantar noma da kiwo a wani ƙauye. Daga Damagaram shi kaɗai ne. Uwarsa ta ɗaure masa kilishi da dakkuwa a tsumma, ta ce ya riƙa ci kaɗan-kaɗan. Kafin a buɗe makaranta aka aje shi mako uku a gidan wasu Turawa manoma. Ya ce ba su cuce shi ba, sun ba shi abinci sun ba shi bargo, amma mako uku bai ga baƙar fuska ba, kuma in ya gai da mutum a hanya sai a dube shi a wuce. Sai ya riƙa shiga garken shanunsu yana yi wa shanu Hausa. Ya ce, "Har tambayarsu nake ina gajiya."

Ranar da aka buɗe makaranta aka tara su, 'yan musaya duka, a ɗakin cin abinci da tsakar rana. Akwai na Senegal, da na Kamaru, da na Dahomey, da wasu daga wani tsibiri. Malam ya ce da ya shiga ya ga baƙaƙen fuskoki jere a kan benci, don murna ya bi su ɗaya-ɗaya yana miƙa hannu kamar wanda ya dawo daga Makka. A ƙarshen tebur ya ga wani dogon yaro, siriri, mai dogon hanci, yana cin abinci kansa a ƙasa. Ya tambaye shi, "Kai Bafillace ne?" Yaron ya ce i.

Malam ya ce a ransa ya zo gida. Ya hau kan benci ya buga kwano, ya ce da Faransanci yadda kowa zai ji, "Jama'a, ku taya ni murna, Allah ya kawo mini bawana har nan! Kai, tashi ka ɗebo wa ubangijinka ruwa!"

A nan Damagaram kowa ya san amsar. Bafillace zai ce, kai ne bawa, Babarbare mai fuska kamar an bi ta da garma, sai a yi dariya a ci abinci kwano ɗaya. Malam ya tsaya kan benci yana jiran wannan amsa, baki buɗe. Bai san yaron bai taɓa jin sunan Barebari ba. Bai kuma san cewa a garinsu, can Senegal bakin kogi, gidansu yaron na cikin waɗanda ake kira bayi da gaske ba, ba da wasa ba. Ubansa ba ya zama tabarma ɗaya da masu gari. Shi ya yi karatu ya fi kowa, ya tsallake teku, yana ganin ya zo inda ba wanda ya san wannan magana. Ga kuma 'ya'yan manyan ƙasarsu biyu a tebur ɗin, waɗanda suka san asalinsa. Su suka fara dariya, har ɗaya yana dukan tebur.

Cokali mai yatsu ne a hannun yaron. Malam ya ce bai ga tasowarsa ba. Bai ma ji zafi ba da farko, sai wani ɗumi, da abu kamar ruwan ƙwai yana bin kumatunsa. Da ya gane, ya faɗo daga benci ya rungume yaron, suka kife da tebur, miya da kwanuka da gilasai duk a kansu. Ya laluba da baki ya sami kunne, ya datse. Ana dukansa a baya, ana jan ƙafarsa, bai saki ba sai da abin ya rabu. Ya tofar a ƙasa. Ya ce mini, "Har yau in na ci nama mai guringuntsi sai na tashi daga kwano." Kun sha ganin yana yin haka, kuna cewa Baba tsantsani gare shi.

A likita aka ƙarasa cire idon. Yana kwance kai a naɗe, wani ɗan Kamaru daga cikinsu ya zo duba shi. Shi a garinsu akwai Fulani akwai Barebari, ya san wasan, ya kuma ji labarin gidan su yaron. Shi ya zauna ya warware wa Malam komai, ya je ya warware wa ɗayan. Malam ya ce da ya ji, ya juya fuska bango, ya so a ce ɗayan idon ma ya tafi don kada ya sake ganin mutane.

Jandarmomi, 'yan sandan can, suka zo da takarda. Suka ce ya sa hannu, a kulle yaron, in ya gama ɗauri a mai da shi ƙasarsu. Malam ya ce ba zai sa ba. Suka ce don me. Ya ce, "A garinmu abokin wasa ba ya kai abokin wasa gaban hukuma. Ni na kira shi abokin wasa da bakina, ban tambaye shi ba." Babbansu ya ce, "Wasa ne ya cire maka ido?" Ya ce, "Wasa ne. Ya yi tsanani." Sau uku suna dawowa, sau uku yana ƙi. Yaro ɗan shekara sha shida, shi kaɗai, ido ɗaya, a ƙasar mutane. In kuna neman abin da za ku tuna ubanku da shi, ga shi nan.

Da ba a sami mai ƙara ba, makaranta ta bar su, amma ta haɗa su aikin horo, su biyu su riƙa kwashe kashin shanu har sanyi ya wuce. Wata guda ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa uffan. Malam bai saba da ido ɗaya ba, kullum yana karo ta hagu, yau ƙofa, gobe ƙahon saniya, goshinsa duk ƙulu. Sai wata rana ya lura ya kwana biyu bai yi karo ba. Ya duba, ashe duk inda ya juya, dogon yaron nan yana zagayowa ya tsaya a hagunsa. In akwai ginshiƙi sai ya ɗan ture shi da kafaɗa.

Wata ranar kasuwa aka aike su cikin gari. Suna dawowa ta wata gada, samarin ƙauyen su biyar suka tare su, da sarƙar keke a hannu. Ta hagu suka ɓullo, Malam bai gan su ba. Sarƙar da aka auno kansa da ita a hannun yaron ta sauka, ta karya masa yatsu biyu. Ta biyu ta yaga masa riga da fatar baya. Bai matsa daga wurin ba. Malam ya fizge sarƙa daga hannun ɗaya, ya ce daga nan bai san abin da ya yi ba, sai dai ya ga mutum biyu a ƙasa, ɗaya yana tattara haƙoransa, sauran sun gudu. Suka sauka ƙarƙashin gadar suna wanke jini da ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara. Yaron yana riƙe da karyayyun yatsunsa, ya dubi Malam, ya ce da Hausar da ya roƙi ɗan Kamaru ya koya masa, "Babarbare. Bawana."

Malam ya ce ranar ya san ramin ido ma yana hawaye.

Da shekara ta cika kowa ya koma ƙasarsa. Ba su sake haɗuwa ba, sai takarda, sai murya.

Abin da ya faru a ɗakin cin abincin nan ya bi Malam har kabari. Ya yi aikin allurar shanu shekaru da yawa, Droum, Gouna, Gaffati, ba rugar da babur ɗinsa bai shiga ba, kuma ba Bafillacen da ya tsira daga bakinsa. Amma bai taɓa fara wasa da baƙo ba sai ya tambaya. "Kai Bafillacen ina ne? Ana wasa da kai?" Fulani suna dariyar wannan tambaya, suna cewa Babarbaren nan tsoro gare shi. In an ce ana yi, to ranar mutum zai ji ƙafafunsa sillen kara ne, kakansa a bayan saniya aka tsinto shi.

Kuma ba ya yarda kowa ya yi tafiya a hagunsa. Ko ni. Muna amarya da ango na taɓa zagayawa can don in kare shi daga wani amalanke, ya kamo hannuna ya mai da ni dama, ya ce, "Wurin nan da mai shi." Na yi fushi, na ɗauka wata ce. Ya gwammace ya yi karo da bango.

Dattijon Gouna da ya tare sanda ta uku, ka san dalilin da ya sa ya zo gaisuwa da 'ya'yansa duka? Wata kaka, shanunsa suka faɗa gonar hatsi ba a kwashe ba. Manoma suka kewaye shi da adda da gatari, sun riga sun fasa masa kai, yana ƙasa. Malam ya zo wucewa da akwatin allura. Ya yar da babur ya shiga tsakiya ya tsaya a kansa. Addar da aka kawo ta same shi a damtse, tabon da kuke gani kamar bakin kifi. Jini na zuba ya daka tsawar nan tasa, "Bawana ne! Wanda ya kashe shi ya kashe mini dukiya, kuma sai na ga wanda zai yi wa awakinku allura bana!" Wani tsohon manomi ya ce, "Malam, ai bawan naka ya cinye mana hatsi." Ya ce, "To ku kai ubangijinsa gaban mai gari, ga ni." Wani ya yi dariya, addar da ke sama ta sauko. Aka tafi gaban mai gari da ƙafa, Malam ya ɗaure hannu da rawaninsa. Maganar da ta cire masa ido, ita ya sa ya fid da mutum daga bakin mutuwa.

Yanzu laifinsa, da nawa. Kana da shekara goma ka dawo daga lakwal da leɓe a fashe, ka yi faɗa da masu ce maka ɗan mai ido ɗaya. Ka tsaya tsakar gidan nan ka rantse in ka girma sai ka nemo wanda ya yi wa ubanka haka ka kashe shi. Malam ya ɗauko igiyar ɗaure shanu ya hau dukanka. Ban taɓa ganin ya doki ɗa haka ba. Ya dake ka har ka daina kuka, na manta da kunya na shiga tsakani, igiyar ta naɗe mini hannu, shaidar tana nan. Da ka fita na ce masa, "Malam, duka ba zai cire masa ba. Gaya masa gaskiya." Ya ce, "In gaya wa ɗana ni na fara? In gaya masa na ci naman mutum?" Na ce, "Ka iya tsayawa gaban jandarma, ka kasa tsayawa gaban ɗanka?" Ya ɗaga hannu, bai sauke a kaina ba, ya sauke a randa, ta tarwatse. Na yi yaji gidan wana a Gaffati kwana tara. Ya zo biko da sabuwar randa a bayan babur, ta fashe a hanya, ya iso da bakinta kawai a hannu. Na dawo. Amma bai gaya maka ba. Kai kuma ka ɗauka ya dake ka ne don ka tuna masa ciwonsa, ka haɗiye rantsuwarka ka aje ta shekara arba'in.

Da ciwo ya kwantar da shi ya sa aka kira Senegal. Na ji yana cewa, "Ubangijinka na kira, ka taho, kada ka tsaya tatsar nono." Tsohon nan ya taso, mota bayan mota, ƙasa uku ya keta. Ana gobe Malam zai cika ya ce mini, "In ya iso ba na nan, ku bar shi ya yi wasansa. Ki gaya wa babban yaron ko wane ne." Na ce to. Ka shigo ɗakin nan sau nawa a kwana ukun nan, ka durƙusa ka ce Inna sannu, na buɗe baki, kunya ta rufe shi. Na ce gobe. Jinin da ya zuba a ƙofar gidan nan rabinsa a wuyana yake.

Autata ta je likita jiya. An ɗinke masa kai, an ɗaure kafaɗa. Ta tarar 'yan sanda biyu a bakin gadonsa da takarda, suna cewa ya ba da ƙara. Ya ce musu, "Ɗan bawana ne, shi ma nawa ne. Wa ke kai nasa ƙara?" Suka ce, Baba, kusan kashe ka ya yi. Ya ce, "Wasa ne. Ya yi tsanani."

Zai tafi washegarin sadakar bakwai, kuma a shekarunsa ba zai sake ganin Damagaram ba. Ƙanen Malam ya je gidanka sau biyu, ka ce ba za ka je duba tsohon ba, mutum ya faɗa da bakinsa shi ya cire idon. To ga sauran abin da bai faɗa ba. Ni takaba ta ɗaure ni, ba zan iya zuwa ba. Ban taɓa roƙon ka komai ba. Kada tsohon nan ya bar garin ubanka da tabon sandar ubanka kawai.

*

Autata, ƙara wannan a ƙasa. Yau kwana takwas.

Jiya aka karanta. Mata suna ta kuka, daga zaure ban ji motsi ba. Da aka kai wurin igiyar shanu sai na ji an ture kujera, aka ce mini ɗan farina ya fita. Na ce shi ke nan, na rasa miji na rasa ɗa.

Bayan la'asar mota ta tsaya. Na ɗaga labule. Shi ne ya buɗe ƙofa ya fito da tsohon, kai a naɗe da farin ƙyalle, hannu a rataye. Ashe tun hantsi yana tsaye a bakin ɗakin likita ya kasa shiga, sai da tsohon ya hango shi ya ce a shigo da shi. A nan ƙofar gida, wurin da aka zuba yashi a kan jinin, ɗana ya zube ya kama ƙafarsa yana kuka kamar ranar igiya.

Tsohon ya ce, "Tashi, ka jiƙa mini takalmi. Ba kuka na zo ji ba. Na yi kwana da kwanaki a mota don wani Babarbare ya zage ni, na tarar ya gudu. Kai ka gaje shi. Faɗi."

Ya ce, "Baffa, ba zan iya ba."

"Sanda ka iya?"

Ɗana ya share fuska da hannun riga, sannan ya ce da wata murya da ta sa na dafa bango, don muryar ubansa ce, "Kai Bafillacen ina ne?"

"Na Senegal."

"Ana wasa da kai?"

"Ana yi."

"To wuce mu tafi, bawan babana. Ƙafa kamar sillen kara, ubangijinka na kwance yana jira ka tsaya surutu."

Tsohon ya yi dariya har ya dafe ɗinkin kansa, dariyar ta juye ta zama kuka. Ya juyo wajen tagata ya ce, "Matar bawana, kin yi renon kirki."

Ya ce ba zai shiga mota ba, da ƙafa zai je maƙabarta. Suka kama hanya, ɗana ya riƙe shi ta dama. Ba su yi taku goma ba tsohon ya tsaya, ya zame hannunsa, ya zagaya a hankali ta bayan ɗana ya koma hagunsa. Haka suka tafi har suka sha kwana.

Allah ka jiƙan Malam, ka yafe masa zafin zuciyarsa, ka yafe mini shiruna. Ka haskaka kabarinsa dama da hagu. Ka kai baƙonsa gida lafiya. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.